Zulaihatu da Sauran Bashin Garba

A Dingyadi, mai neman gidan Zulaihatu mai gabu ba ya bukatar ɗan jagora. Daga bakin masallacin unguwa ƙanshin busasshen ganyen albasa zai tare shi, ya ja shi ta wani lungu mai kwana biyu, ya ajiye shi a ƙofar wani zaure na ƙasa da wata tsohuwar darbejiya ta yi wa inuwa. A ciki take zama a kan tabarma, turmi a gefe, tana dunƙula gabu da tafin hannu tana jerawa a faifai. Sau da yawa sai an yi sallama biyu kafin ta amsa. Ba kurma ba ce. Ta dai yi nisa ne, sai ta dawo.

Ba 'yar Dingyadi ba ce. A Horo Birni aka haife ta, can ƙasar Shagari, a gidan manoma masu 'yan shanu. Tun tana ƙarama aka san ta da wannan tafiya da hankalinta yake yi ya bar jikinta a wuri ɗaya. In aka aike ta korar tsuntsaye a gonar gero, sai a same ta tsaye da gwangwani a hannu ba ta kaɗa ba, tana kallon yadda garken tsuntsayen yake naɗewa yana warwarewa a sama. Mahaifinta ya yi faɗa har ya gaji. Kakarta ce ta ce a ƙyale ta, akwai mutanen da Allah ya yi musu ɗaki biyu a ka.

Garba ya fara ganinta ne da ya zo daga Dingyadi sayen takin shanu a wurin mahaifinta. Mutum ne mai magana, ita kuma mai shiru, sai kowa ya ga abin da ba shi da shi a wurin ɗan'uwansa. Shekara uku a jere yana zuwa sayen taki. A ta uku ya koma da taki da alkawarin aure. Sun zauna shekara ashirin da bakwai, suka haifi maza uku waɗanda neman abinci ya watsa su garuruwa, da auta mace, Nana Hauwa, wadda ta yi karatu ta zama malamar firamare a Bodinga, ta yi aure a can.

Garba manomin albasa ne na rani. Yana da fili a fadama, ba babba ba, amma ƙasa ce mai kirki. Abin da ya rasa shi ne injin ban-ruwa. Haya yake yi, mai haya kuwa sai mai inji ya gama da tasa gonar. Wata rana yakan dawo da azahar ya zauna ya ce, "Zulai, yau albasa tana ta kallona." Sai ta tambaye shi da wane ido, su yi dariya. Amma ta san abin yana cinsa.

Da wani ƙaramin banki ya buɗe ofis a Bodinga ya fara bai wa manoma rance, Garba ya sa suna. Aka ba shi naira dubu ɗari huɗu, zai mayar da ɗari huɗu da tamanin. Ya sayi jan inji da tiyo, ya sa aka buga masa 'yar rijiya a gefen gona. Ranar da aka tayar da injin ya zo ya ɗauke ta a babur don ta gani. Ta tsaya a kan kunya tana kallon ruwa yana fitowa daga bakin tiyo, yana bin hanyarsa a hankali, yana shiga fangali ɗaya ya cika shi, Garba ya toshe da fartanya ya buɗe na gaba. Kowane fangali in ya cika sai sama ta sauko ta kwanta a cikinsa, har da 'yan gizagizanta. Ta daɗe tana tsaye. Garba ya yi mata magana uku ba ta ji ba, bai kuma ji haushi ba.

Shekarar farko albasa ta yi kyau, ya biya dubu ɗari da saba'in. A ta biyu wata cuta ta shiga fadama. Ganye ya murɗe ya yi fari-fari, abin da aka samu aka tono kuma ya ruɓe a rumfa kafin 'yan kasuwa su zo. Ko ganyen da Zulaihatu za ta yi gabu ba a samu na kirki ba. Banki ya aiko takarda, ya sake aikowa, daga baya ya miƙa bashin ga wani kamfani a Sakkwato wanda aikinsa ke nan, bin mutane ya karɓo wa masu kuɗi kuɗinsu ya ɗauki ladansa a ciki.

Mutumin da kamfanin ya turo sunansa Mansur, siriri, mai shekara talatin da wani abu, mai sanyin murya. Ba ya ɗaga harshe. Yakan jingine babur a jikin darbejiya ya zauna a zaure kamar wanda ya zo gaisuwa, kuma wannan zama nasa ya fi zagi nauyi, domin duk unguwa ta san abin da ya kawo shi. Ya zo sau biyar. A zuwa na shida Zulaihatu tana bayan ƙofar zaure za ta miƙa ruwan sha, sai ta ji yana cewa:

"Baba Garba, saura dubu ɗari ukku da goma. Na yi magana da manyanmu. In ka kawo ɗari da tamanin lokaci guda kahin wata shi ƙare, an yahe sauran. A ruhe littahi."

"An yahe, ko an ɗaga mani?" in ji Garba.

"An yahe."

"Sake hwaɗi, in ji da kunnena na dama."

Mansur ya yi 'yar dariya ya sake faɗa. Zulaihatu ta riƙe kwanon ruwan har sanyinsa ya ratsa yatsunta.

Garba ya sayar da bijimin nomansa. Bai kai ba, sai ta ce a haɗa da tumakinta uku. Ranar da aka biya, Mansur ya ƙirga kuɗin sau biyu a kan tabarma, ya rubuta rasit da Turanci ya buga hatimi. Garba ya shigo gida ya ba ta takardar ya ce ta ɓoye, ta ninke ta ta sa a ƙasan wata kwalla ta kayan aurenta. Shi kuwa ya kwanta a rumfa da rana tsaka ya yi barci, bakinsa a buɗe kamar jariri, har aka kira la'asar.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu kawai ya yi. A wurin jana'iza ƙanensa Attahiru ya tashi ya tambaya, har sau uku, ko akwai mai bin mamacin bashi. Wani dattijo ya ce yana binsa kuɗin irin albasa mudu biyu, kuma ya yafe. Ba wanda ya ƙara magana. Da aka kawo wa Zulaihatu labarin haka a cikin gida, ta rufe ido ta ce alhamdu lillahi, Malam ya tafi da sauƙin kaya.

Watannin takaba sun wuce mata kamar tafiya a cikin ruwa. Ba ta iya bambance Talata da Laraba. Takan zauna a ƙofar ɗaki ta bi inuwar katanga da ido tun tana doguwa har ta gajarce ta sake miƙewa ta ɗaya gefen. Wani lokaci da hantsi takan ji bugun injin daga fadama, tuk-tuk-tuk, ko da yake fadamar ta yi nisan da ba za a ji ba. Attahiru ne yake noma filin yanzu, ana raba amfani da ita. Ba ta cika kuka ba. Tana dai jin Garba kamar ya je wani gari mai kyau, inda ba a jiran kowa ya gama ban-ruwa.

Kwana tara da fitarta takaba wani babur ya tsaya a gindin darbejiya. Ba Mansur ba ne. Wani ne mai jiki, sunansa Mustapha, da jaka a kafaɗa. Aka kira Attahiru ya zo ya same shi a zaure, Zulaihatu ta tsaya a inda ta taɓa tsayawa.

"Akwai sauran dubu ɗari da talatin a kan Garba," in ji Mustapha. "Na ji ya rasu, Allah shi jiƙan shi. Amma bashi yana nan, magada za su biya."

"Wane bashi?" in ji Attahiru. "An biya, an yahe sauran. Da takarda."

"A kawo ta."

Ta ɗauko ta daga ƙasan kwalla ta miƙa ta bayan ƙofa. Mustapha ya duba ya mayar. Ya ce takardar gaskiya ce, hatiminsu ne, amma abin da aka rubuta shi ne an karɓi wani ɓangare na kuɗin. Babu inda aka ce an rufe. Attahiru ya ce ƙarya ne. Washegari Nana Hauwa ta zo daga Bodinga ta karanta takardar a tsakar gida, ta sake karantawa, sannan ta sauke ta a cinya.

"Inna, haka anka rubuta. Biyan wani ɓangare."

"Amma na ji da kunnena," in ji Zulaihatu. "Sau biyu yah hwaɗi."

"Kunne ba ya zuwa ohis, Inna."

Daga nan rigima ta tashi. Mustapha ya dinga kiran wayar Attahiru safe da yamma. Ya ce in ba a biya ba za a zo a ɗauke inji. Attahiru, wanda dama mai zafi ne, ya ce duk wanda ya taɓa injin ɗan'uwansa sai dai a kwashe su biyu. Ya ce ko sisi ba za a ƙara ba, waɗannan mutane sun ci bijimi da tumaki uku, yanzu sun ji mai magana ya kwanta sun dawo lashe kwano. Nana Hauwa ta ce a kai ƙara kotu. 'Yan'uwanta maza suka bugo waya, ɗaya ya ce a biya a huta, ɗaya ya ce kada a kuskura. Kowa yana magana a kan kuɗi da inji da mutunci.

Zulaihatu ba a nan hankalinta yake ba. Wata rana da zafin azahar, tana jingine da bango tana tsince ganye, barci ya ɗan ɗauke ta. Sai ta ga fadama, kore shar, ta fi yadda ta san ta faɗi. Ta ga Garba tsaye da farar riga a bakin wata 'yar hanyar ruwa wadda ko yaro zai tsallake. Takalmansa suna hannunsa. A ɗaya gefen akwai inuwa mai yawa da mutane zazzaune. Bai tsallaka ba. Ba ya kuka, ba ya fushi, yana dai tsaye irin tsayuwar da yakan yi in yana jiran mai inji. Ta buɗe baki za ta ce masa ya wuce mana, sai kaza ta tsallake ƙafarta ta farka.

Ba ta gaya wa kowa ba. Da yamma ta yafa mayafi ta tafi gidan limamin unguwa, Malam Maniru. Ta shiga wurin matarsa, aka yi masa magana ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Allah shi gafarta Malam, tambaya gare ni. In mai bin bashi yac ce ya yahe, sannan wanda aka bi ya rasu, akwai sauran nauyi bisa gare shi?"

"Babu," in ji liman. "Abin da anka yahe ya yahu."

Har ya juya zai tafi ta ce, "To in wanda yay yahe ɗin ba kuɗɗinai ba na? Aiko shi anka yi."

Liman ya dawo ya gyara tsayuwa. Ya ce wannan kuma wata magana ce. In masu kuɗin sun ba ɗan aiken izini, yafewarsa tasu ce. In ba su ba shi ba, to bakinsa kawai ya faɗa. Ya ce Garba ya yi abin da zai iya da zuciya ɗaya, kuma Allah yana duba wannan, amma in ana son hankali ya kwanta sai a nemi gaskiyar izinin.

Ta dawo gida da abu ɗaya a ranta, sai ta ga Mansur. Nana Hauwa ta yi cigiya a tashar Bodinga, wani direba ya ce ya san shi, ya bar aikin karɓar bashi, yanzu yana da 'yar rumfa a kasuwar Shagari yana sayar da taki da iri. Attahiru ya ce ɓata kuɗin mota ne, maƙaryaci ba zai ce ya yi ƙarya ba. Ta ce ta ji, amma za ta.

Ta tafi da Nana Hauwa ranar Asabar da safe. Rabonta da wannan hanya tun rasuwar mahaifiyarta. Damina ta fara, gero ya kai gwiwa. Tana zaune a jikin taga, iska tana kaɗa mata mayafi, gonaki suna wucewa suna komawa baya. Ta ga wata mata tana tafe da ƙwaryar nono a ka, sai ta ga kamar kakarta ce, har da yadda take jefa hannun hagu. Ta ga wata kuka da take jin ta san ta tun tana yarinya, ta ga ta ƙanƙance. Da suka wuce mararrabar da take ɗauka ita ce hanyar garinsu, sai ta ji ƙanshin hayaƙin kashin shanu da ake turarawa don sauro, ko da yake babu wuta a kusa. Ta ji in motar ta ci gaba da tafiya ba tsayawa, za ta isa wani wuri inda duk mutanenta suke zaune a tabarma ɗaya. Sai kwandasta ya buga jikin mota ya ce Shagari.

Sun sami Mansur a bayan buhunan taki yana auna wa wani iri. Bai gane ta ba, domin bai taɓa ganin fuskarta ba. Ta ce, "Ni ce matar Garba na Dingyadi, mai jan inji. Ni nika miƙo maka ruwa ta bayan ƙohwa."

Ya saki mudun. Ya tambayi Baba Garba, ta gaya masa. Ya zauna a kan buhu ya yi salati. Sannan ya share musu benci, Nana Hauwa ta ba shi takardar ta gaya masa abin da ake ciki.

"Inna, wallahi ban yi maku ƙarya ba," in ji shi. "Shugabanmu na lokacin shi yab ba ni izini ta waya. Yac ce in karɓi ɗari da tamanin. Rasit ɗinmu haka shike, sai an rubuta ɓangare, sannan banki shi aiko da takardar ruhewa daga baya. Ni ya kamata in bi ta in kawo maku. Wata biyu bayan nan munka ɓata da su kan ladana, nib bar aikin. Ban sake waiwaya ba. Wannan laihina na."

"Ba laihi niz zo nema ba," in ji Zulaihatu. "So nika yi in sani, da kac ce an yahe, bakin wa kaɗ ɗauko?"

Mansur ya ce shi dai bakin shugabansa ya ɗauko, shugaban kuma ya ce daga banki ne, amma bai gani da idonsa ba. Ya ce zai rufe rumfa ranar Litinin ya same su a Bodinga, a je a tambayi bankin gaba da gaba.

Ya cika alkawari. Ranar Litinin suka haɗu a ofishin bankin, ɗaki ne guda da fanka mai ƙara: Zulaihatu da 'yarta, Attahiru, Mansur, da Mustapha wanda aka kira ya zo yana huci. Mai kula da rancen manoma wata mata ce mai tabarau, Malama Bahijja. Ta saurari kowa. Attahiru da Mustapha suka ɗaga murya har mai gadi ya leƙo. Mustapha ya ce shi abin da ke littafi ya sani, maganar baki ba ta shafe shi ba. Mansur ya ce ya rantse a ba shi Alƙur'ani. Zulaihatu tana kallon fanka, tana bin fiffike ɗaya da ido har ya ɓace mata cikin sauran.

Malama Bahijja ta daɗe tana duba na'urarta, sannan ta tashi ta ɗauko wani tsohon fayil. Ta ce a shekarar cutar albasa banki ya ba kamfanin izini a rubuce, duk manomin da ya kawo kashi sittin cikin ɗari na abin da ya rage masa, a yafe masa saura. Sunan Garba yana cikin jerin. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a gefen takarda. Kashi sittin na ɗari uku da goma, ɗari da tamanin da shida ne. Garba ya kawo ɗari da tamanin. Dubu shida ne suka hana a rufe, sai bashin ya ci gaba da zama a buɗe gaba ɗayansa.

Mansur ya dafe kai ya ce shugabansu ne ya ce a bar shidan, a cike lissafi. Mustapha ya ce to ai magana ta fito, ba a cika sharaɗi ba, wa'adi kuma ya wuce tun tuni, saboda haka ɗari da talatin suna nan. Attahiru ya ce kuskurenku ne, ku ci abinku. Malama Bahijja ta ce ba ta da ikon yankewa ita kaɗai, za ta rubuta wa manyanta, a dawo bayan mako biyu.

Mako biyun suka zama biyar. Sau uku Zulaihatu tana hawa Keke Napep zuwa Bodinga ana ce mata ba a amso ba. Takan zauna a benci na ɗan lokaci ko da an gaya mata, kamar zaman ma yana rage wani abu. A na huɗu amsa ta zo: a cika dubu shida, a rufe.

Aka sake taruwa. Attahiru ya ce ba za a biya ba, ai yafewa aka yi, in an biya an yarda ke nan Garba ya gaza. Mansur ya zaro kuɗi daga aljihu ya ce shi ya jawo, shi zai cika. Zulaihatu ta ce ya mayar. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗin gabu, 'yan ɗari biyar-biyar da ɗari bibbiyu da suka sha ninki, ta ƙirga a kan tebur. Ta ce bashin Malam ne, daga gidan Malam za a biya. Mustapha ya sa hannu a takarda fuskarsa a murtuke. Yana fita ya ce shi dai ya ƙona mai zuwa Dingyadi sau bakwai, ladansa kuma ya tafi, yana da yara biyar. Zulaihatu ta bi shi da ido har ya tayar da babur.

Malama Bahijja ta miƙo takardar rufewa. Nana Hauwa ta karanta ta fassara layi-layi, ta ce wannan karon babu wani ɓangare, an rubuta an gama. Kowa ya miƙe. Zulaihatu ba ta tashi ba. Ta dubi Malama Bahijja.

"Ɗiyata, ke kin yahe mai?"

"Inna, ba kuɗɗina ba na. Na banki na."

"To, wa ab bankin?"

Malama Bahijja ta cire tabarau. Ta ce gaskiya ba mutum ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suka haɗa jari, akwai masu ajiya, 'yan kasuwa da malamai da mata masu adashi, wasu ma ba su san juna ba. Amma duk sun wakilta wasu, waɗannan kuma sun wakilta ta, shi ya sa hannunta yake kan takardar.

Zulaihatu ta ga mutanen a ranta, jere a wani fili mai faɗi, masu rawani da masu gyale, kowa da 'yar nairarsa a cikin jan injin Garba. Sannan ta ce, "To hwaɗi da bakinki, da Hausa, da sunanai."

Malama Bahijja ta dubi Nana Hauwa, ta dubi tsohuwar. Ta miƙe tsaye ta ce, "Garba na Dingyadi ya biya abin da anka nema gare shi. Abin da yar rage an yahe mai. Ba mu bin shi komi."

"Kun ji?" in ji Zulaihatu.

Attahiru da Mansur suka ce sun ji.

Har yau Attahiru yana cewa an cuce su dubu shida, kuma duk lokacin da maganar ta taso sai ya ƙirga ta da yatsu. Mansur yakan aiko mata da irin albasa ta hannun direbobi in lokacin shuka ya yi, ita kuma ta aika masa da gabu. Mutane biyu a unguwarsu da 'yan karɓar bashi suka yi wa irin wannan tayi sun zo wurinta shawara, ta ce musu kada su miƙa ko naira sai an je gaban masu kuɗin an karanta musu takarda da Hausa.

A ranar dai, da suka fito daga bankin, rana ta ɗan karkata. Maza suka kama hanyarsu. Ita da Nana Hauwa suka bi ta bakin tasha, inda wata mata take suyar awara a babban kasko. Zulaihatu ta tsaya. Ta ce yunwa take ji. Nana Hauwa ta dube ta da mamaki, domin ba ta taɓa ganin uwarta ta ci abu a kan hanya ba. Suka sami benci a bayan rumfar mai awara, inda ba idon mutane. Ta ci guda huɗu da zafinsu tana hura yatsu, ta sha ruwa, ta ce yajin ya yi kaɗan. Sannan ta ce a ƙaro na ɗari biyu a ƙulle mata a leda, za ta kai wa matar liman.